Sha Huɗu

Ni na rubuta dokar da hannuna,
na manna ta a allon da ke gindin matakala:
"Ta goma sha huɗu: ba a ajiye dabba a cikin gini.
Kifi a kwalba kaɗai aka yafe."
Shekara tara ina riƙe da makullan ɗakunan ɗalibai
a Saskatoon, inda kogi ke daskarewa,
numfashi ya fito fari kamar hayaƙin ɗanyen itace.

Cikin Nuwamba ta zo.
Kunne ɗaya a yage, wutsiya a tanƙware,
jiki toka-toka kamar an share murhu da ita.
Navreet ce ta gan ta ƙarƙashin tankin shara,
ta zuba mata madara a murfin gwangwani.
Washegari Yevhen ya kawo kifi,
wanda shi kansa da shi yake lallaɓawa in wata ya yi nisa.

Gininmu ƙofa biyu gare shi saboda sanyi:
ka tura ta waje, ka yi taku uku, ka tura ta ciki.
A cikin taku ukun nan suka shimfiɗa mata tsohuwar rigar ulu,
suka raɗa mata suna Sha Huɗu, don su tsokane ni.

Ludovic, ɗan ajin farko a karatun lauya,
ya tare ni da takarda a hannu:
"Misis Prokop, doka cewa ta yi cikin gini.
Nan kuwa ba ciki ba ne, ba kuma waje ba."
Na ce to, mun yi jemage ke nan.
Ya tafi yana murmushi kamar ya ci shari'arsa ta fari.

Lokacin jarrabawa na ga abin da ban sa a rahoto ba.
Ƙarfe uku na dare, ƙaton yaro ɗan wasan ƙanƙara
zaune dirshan a siminti,
ita a cinyarsa tana gurnani,
shi yana ba ta labarin mahaifiyarsa da ke asibiti.
Na koma da baya a kan yatsun ƙafa.

Amma akwai Tamsin a hawa na biyu.
In ta ratsa taku ukun nan, sai atishawa,
idanu su kumbura, maƙoshi ya shaƙe.
Ba mugunta ta yi ba da ta kai ƙara.
Ita ma kuɗin ɗaki ta biya.

Takarda ta iso daga ofis: kafin Juma'a a kawar.
Daren Alhamis na cusa ta a jakar wanki,
ta yaƙushe ni a wuyan hannu, tabon yana nan,
na kai ta gidana, layi goma sha ɗaya daga makaranta.
Na dafa mata hanta. Ta ci, ba godiya.
Kwana biyu tana kallon taga,
na uku na buɗe ƙofa ɗaukar wasiƙa,
sai na ga ƙeyarta.

Litinin da safe ga ta a kan rigar ulu,
tana lasar ƙafa, ƙanƙara na narkewa a gashin bakinta,
ta dube ni kamar ni ce baƙuwa.

Yanzu Tamsin ta ƙofar baya take shiga,
ni na ba ta makulli, ita ta roƙa.
Wani lokacin takan tsaya ta bayan gilashi,
ta ɗaga wa magen hannu daga nesa.

Dokar tana nan a allo, gefenta ya fara naɗewa.
Ƙarshen kowane wata nakan cike takarda:
"Ban ga dabba a cikin gini ba."
In sa hannu,
in duba aljihu ko sauran kifin jiya na nan.